Ruwan da Aka Wanke Tadala da Shi

Ɗakin yara, asibitin kan tudu,
3 ga Fabrairu, 1997.

Yaya Lameck,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka Dorika. Ina fata kana lafiya, zafin Durban bai narkar da kai ba. Amayi, uwar da ka manta da ita tun Kirsimeti, tana nan ƙalau, sai gwiwar nan tata da ka sani. Ta ce in tambaye ka ko kana tuna ɗanɗanon tuwon masara, ko burodin Joni ya wanke maka baki. Na gaya mata Durban daban, Joni daban, ta ce duk inda ya wuce iyaka Joni ne. Masara ta yi kyau bana. Ruwan sama kam har ya yi yawa, rafinmu ya tafi da gadar katako sau biyu.

Ka ga inda nake rubutowa, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. 'Yata Tadala ce. Yau kwananmu tara a nan. Na sauke tukunyar kunu na juya in ɗauko kwano, ita kuma tana bin ɗan tsako a guje, ta yi karo da tukunyar. Cinyar dama da gefen ciki suka ƙone. Kada ka fara yi mini faɗa daga can, na riga na yi wa kaina wanda ya fi naka zafi.

Amma mun gode Allah, mikin ya yi ja mai kyau, bakinsa ya fara haɗewa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, a gida za mu yi Ista. Tana ci, tana surutu, duk ɗakin sun san sunan akuyarmu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Nas biyu ne kacal a kan yara arba'in da wani abu, saboda haka mu iyaye mu ke jiƙa bandeji mu ɓare, mu wanke miki, su kuma su biyo baya su shafa magani su ɗaure. To, tun da damina ta yi ƙarfi, famfon ɗakin nan yakan kawo ruwa ja-ja da safe, da wani ɗan wari, sai an bar shi ya zuba kafin ya washe. Hankalina bai kwanta da shi ba. Sai Amayi ta riƙa ɗebo na burtsatsenmu tana tafasawa da gishiri, mijina Staniel ya ɗaure jarkar a keke ya kawo kullum kafin rana ta yi zafi. Mutumin da kake cewa sai an kira shi sau uku yake motsi, yau kwana tara bai makara ba.

Jiya wata nas mai kaifin baki ta ga jarkar. Ta ce ba ta son ganin ruwan waje a ɗakinta, wai mu mutanen ƙauye ba mu rabuwa da jiƙe-jiƙe. Ba ta hana ba dai, ta yi tsaki ta wuce. Da Amayi ta ji, sai ta ce wannan ba maganar da ni da Staniel za mu yanke ba ce. Kai ne mai mbumba. Duk ɗan da mu 'yan'uwanka mata muka haifa, a hannunka yake, ba a hannun ubansa ba. Don haka ka faɗa mana: mu ci gaba da na gida, ko mu koma famfo? Kafin amsarka ta zo, muna kan na gida.

Tadala ta ce in gaya wa Kawu ba ta yi kuka ba. Ƙarya take yi.

Ƙanwarka,
Dorika

*

Durban,
17 ga Fabrairu, 1997.

Dorika ƙanwata,

Na samu takardarki yau da rana, na kuma zauna amsawa ko takalmin aiki ban cire ba. Ni lafiya lau. Ki gaida Amayi, ki ce mata ina tuƙa tuwona da kaina kowace Lahadi, kuma ya fi na 'yarta laushi.

Labarin Tadala ya sosa mini rai ƙwarai. Ba zan yi miki faɗa a kan tukunya ba. A kan jarka zan yi.

Dorika, kin yi aji takwas. Shekara shida ke nan ina tura gadon marasa lafiya a babban asibiti, daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin kwanciya, na ga abin da ke lalata miki da idona. Jarkar da ta kwana a ɗaki da kaji, ta hau keke ta sha taɓon hanya, ita ce za ki zuba wa yarinya a kan nama a buɗe? Kuma na san uwata. Amayi ba za ta tafasa ruwa ta bar shi haka ba, sai ta jefa 'yar saiwa ko ɓawon itace ta ce ai ba komai. Ke kina goye lokacin da wanki Yosefe ya taka fartanya. Ni ina da wayo. Na ga abin da aka riƙa ɗaura masa a ƙafa, na ga yadda ƙafar ta koma, ni na riƙe fitila ranar da aka wanke gawarsa. Ba zan sake ganin irin wannan a gidanmu ba muddin ni ne mai magana.

Ruwan asibiti ba irin na kowa ba ne. Ana zuba masa magani, akwai masu auna shi, aikinsu ke nan. A nan har jarirai da shi ake yi wa wanka. Ja-jan da kike gani tsatsar bututu ce kawai, ba ta cutarwa. Nas ɗin nan ta fi ku gaskiya, ko da bakinta ba daɗi.

Ga maganata, a karanta ta a gaban Amayi da Staniel. Daga ranar da takardar nan ta iso, kada ɗigon ruwan gida ya sake taɓa jikin Tadala. Na asibiti kawai. A gode wa Staniel, ya yi ƙoƙari, amma ya jingine keke ya koma gona, ciyawa ba ta jira. Aure ne ya kawo shi gidanmu, ba shi ke yanke wa jinin uwarmu hukunci ba.

Ki ɗora ƙafar Tadala a bayan takarda ki zana mini, na ga wani jan takalmi a kanti. Ki ce mata Kawu ya ji ba ta yi kuka ba, kuma ya yarda.

Yayanki,
Lameck

*

Asibitin kan tudu,
9 ga Maris, 1997.

Yaya Lameck,

Ina gaishe ka. Mun ji daɗin jin kana lafiya. Amayi tana gaishe ka, Staniel ma. Ruwan sama bai ɗauke ba har yanzu.

Takardarka ta iso ran Lahadin da ta wuce, ta hannun fasto. Staniel ya goyo Amayi a keke tare da jarkar ranar, muka zauna a rumfar masu jinya inda muke girki, na karanta daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko wurin da ka yi maganar Staniel ba. Bai ɗago kai ba. Amayi ta yi kuka a kan Yosefe. Ta rantse da Littafi ba ta taɓa sa wa ruwan Tadala komai ba sai gishiri, kuma na yarda da ita, don ni nake shinshina shi kullum.

Sai Staniel ya yi magana. Shekara biyar yana gidanmu, ban taɓa jin ya sa baki a maganar dangi ba.

"Amayi, ki yi haƙuri. Yaya famfon Joni yake gani, mu kuwa na nan muke gani. Wata guda ke nan yarinyar tana warkewa. A bar ni in ci gaba da kawowa har a sake rubuta masa."

Amayi ta share ido da bakin zane ta ce, "Mai mbumba ya yi magana." Ta tashi da gwiwar nan tata, ta ja jarkar zuwa gindin mangwaro, ta tuntsurar. Ni ina zaune ina kallo. Ban hana ta ba, Yaya, ina so ka san wannan.

Yau kwana bakwai da famfo nake wanke ta. Ina barin ruwan ya zuba har ya washe, kamar yadda sauran mata suke yi. Ran Laraba na ɓare bandeji na tarar da wani kore-kore a jikin audugar, irin na tsohon kwanon tagulla, da wani wari mai zaƙi-zaƙi da ban san irinsa ba. Wurin da ya haɗe ya sake buɗewa. Ran Alhamis zazzaɓi ya shigo. Suna yi mata allura safe da yamma. Yaran gado biyu na kusa da mu su ma audugarsu ta yi kore, tasu ta riga tamu. Nas ta ce lokacin damina ne, haka miki yake yi.

Ba ta son abinci, ko ayaba sai na lallashe ta. Amma da sauƙi.

Ga ƙafar a baya. Ka san yadda take da jin cakulkuli, na ɗauka sai an riƙe mini ita. Ta miƙo kawai ta juya fuska bango.

Mun bi maganarka yadda ka faɗa. In kana da wata maganar, Yaya, don Allah kada ka bari ta kwana a bakinka.

Ƙanwarka,
Dorika

*

Durban,
25 ga Maris, 1997.

Dorika,

Ina gaishe ku duka. Na gode Allah da na ga kin rubuta da sauƙi, a kan kalmar nan na kwantar da kaina jiya. Amma ki karanta wannan da sauri, ki kuma yi abin da ke ciki kafin ki sha ruwa.

Yau da safe na kai wani mara lafiya ɗakin masu ƙuna, na ce bari in nuna wa Sista Mkhize takardarki, ita ce babbar nas a can, ko za ta ba ni sunan wani man shafawa. Na fassara mata. Da na kai wurin koren nan, sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce wata ƙwayar cuta ce mai zama cikin tanki da bututu da bakin famfo, ba ta yi wa mai lafiya komai, amma in ta samu nama a buɗe sai ta shige jini, kuma ba kowace allura take ji ba. Ta ce ko a nan, da duk masu auna ruwan, sun taɓa rufe ɗaki guda saboda ita. Shekara shida ina wucewa ta ƙofar nan da gado, ban taɓa sani ba.

Ta tambaye ni wane ne ya ce a bar tafasasshen ruwa da gishiri, alhali miki yana warkewa. Na ce mata wani ne a gida. Ban iya cewa ni ne ba.

Na janye maganata, Dorika. A karanta a gaban kowa. A koma na gida yau ɗin nan. In keke ya yi nisa, ki tafasa a rumfar girki, ya tafasa sosai, ki rufe shi. Kada ki wanke ko kofinta a famfon nan. Ki samu likita da kansa, ba nas ba, ki gaya masa koren nan daga ruwa ne, ki gaya wa iyayen sauran yaran. In ya kore ki, ki koma. Ki ce wa Staniel ya yafe mini, shi ya ga daidai.

Na rubuta biyu, ɗaya ta gidan waya, ɗaya ta hannun direban bas mai zuwa gobe, tare da takalmin. Na ƙara lamba ɗaya don ta daɗe tana sawa. Ki amsa mini ranar da ta iso.

Yayanki,
Lameck

*

Durban,
21 ga Afrilu, 1997.

Dorika,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Direban ya ce ya ba fasto saƙon hannu da hannu tun kafin watan nan ya yi kwana biyar. Kullum ina leƙa akwatin wasiƙu sau biyu, har mai gadi ya fara yi mini dariya. In fushi kike yi, kina da gaskiya, amma ki yi shi a takarda in gani. In kun koma gida ne aikin girbi ya sha kanki, layi biyu ya isa. Ko Staniel ya rubuta, ko fasto.

Na sake karanta takardarki ta ƙarshe ban san sau nawa ba. Kin ce da sauƙi. Sauƙi ne na gaske, Dorika, ko irin wanda muke faɗa wa mai tambaya a bakin ƙofa?

Takalmin ya shige ta?

Lameck

*

Gida,
11 ga Mayu, 1997.

Yaya Lameck,

Ina gaishe ka. Amayi tana nan, ba ta fita sosai. An fara karyar masara.

Tadala ta rasu ran Talata, sha takwas ga Maris, da hantsi. Kwana bakwai ke nan kafin ka zauna rubuta mana a koma na gida.

Amayi ce ta hana a rubuta maka. Ta ce ba a aika wa mutum mutuwa a takarda yana zaune shi kaɗai a ƙasar wasu, sai an samu mai tafiya ya zaunar da kai ya faɗa maka da baki. Mai tafiyar da muke jira har yau bai samu takardun ƙetare ba. Da wasiƙarka ta ƙarshe ta zo, na ga ba zan iya barin ka kana leƙa akwati ba. Wannan ba da izinin kowa nake rubuta ta ba.

Ka tambaye ni wane irin sauƙi ne. Yaya, a gida ɗaya aka haife mu. Ka taɓa jin uwa ta buɗe baki ta ce ɗanta yana mutuwa? Na rubuta maka kore, na rubuta wari, na rubuta ta juya fuska bango. Duk ka tsallake, ka je ka kwanta a kan kalma biyun da ake faɗa wa kowa.

Bayan na aika takardar, zazzaɓin bai sake sauka ba. Suka canza allura sau biyu, ta uku babu ita a asibitin, aka ce sai an aiko daga birni. Jikinta ya kumbura. Kwana biyun ƙarshe ba ta gane ni ba. Amma ran Lahadi da rana ta buɗe ido, ta ga na ɗauko kwanon wanki, ta ce, "Mama, ba wannan ba. Na Baba." Na ce mata Baba zai kawo gobe. Na je famfo na tara.

Bayan Ista wani sabon likita ya aika da ruwan birni aka auna. Aka zo aka hau tankin, aka tarar ba shi da murfi tun bara. Aka haƙa, aka ga bututun da ke kai masa ruwa ya tsage daidai inda ramin masai ya cika ya yi ambaliya. Likitan ya tara mu a rumfa ya faɗa mana da bakinsa, bai ɓoye ba. Nas mai kaifin bakin nan tana tsaye a baya tana kuka. Yanzu an ɗaure bakin famfon da tsumma, ana kawo ruwa a duro.

Takardarka ta janyewa, fasto ya kawo ta muna da kwana goma sha bakwai da binnewa. Ka ce a karanta a gaban kowa, na karanta a gaban kowa. Amayi ta saurara har ƙarshe ta ce, "To, ya yarda a tafasa." Staniel ya tashi ya fita. Takalmin yana cikin akwatin Amayi, ban buɗe ledar ba. Staniel bai koma garinsu ba, ko da yake danginsa sun zo ɗaukarsa. Yana noma, yana ci, yana gaishe da kowa. Na gaya masa ka ce ya yafe maka, ya ce ya ji. Ni ce ba ya iya kallo a ido, ni ma ba na iya kallonsa.

Na yi fushi da kai, Yaya, fushin da har ya hana ni addu'a. Na san don Yosefe ka yi, na san kana sonta. Amma ba kai ne ka shinshina ruwan ba. Ni na shinshina, na san ba shi da kyau, ga murhu a rumfa taku ashirin daga gadonta, ga itace. Kwana goma sha shida ina wuce murhun nan da kwano a hannu, saboda takarda ta ce. Wannan shi ne abin da nake kwana da shi nake tashi da shi. Amayi ta ce in rubuta maka nufin Allah ne, kada ka sa wa ranka damuwa. Ga shi na rubuta, tunda ta ce.

In za ka zo, ka zo. Ba wanda zai tare maka ƙofa, ni ma zan dafa maka tuwo. Amma kada ka zo da magana.

A jerin gadajenmu yara shida ne masu miki a buɗe. Biyar sun rasu. Na shidan wani yaro ne, Pilirani, wuta ta ci masa baya gaba ɗaya, ƙunarsa ta ninka ta Tadala. Uwarsa tun ranar farko take tafasa ruwa a gwangwani a rumfa, nas ta yi tsaki ta gaji, ita ko a jikinta. Shekaranjiya na gan su a kasuwa, yana tafe da ƙafarsa yana shan rake. Ta rungume ni muka yi kuka a tsakiyar mutane.

Matar nan ita kaɗai uwarta ta haifa, ba ta da wa, ba ta da ƙane, ba ta da wanda za ta rubuta wa ta tambaya. A rumfa, in ta ba da baya, mukan ce Allah sarki, baiwar Allah, ba ta da kowa.

Ƙanwarka,
Dorika